Waɗanda Ba Su Kai Ranar Suna Ba

Malam Simeon, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ka gafarce ni da na dame ka. Na san ba ka bar Dutsin-Ma don a biyo ka Zariya da maganar ofis ba. Ban taɓa tambayar abin da ya tashe ka ba, yanzu ma ba zan tambaya ba. Takardun nan ba kai na rubuta wa ba, ba kowa na rubuta wa ba. Daga littafin da nake zuba abin da ke raina na yago su, don in na ce zan zauna in tsara maka bayani, hannuna ba zai yarda ba. Kai ka koya mini buga na'ura lokacin da aikina bai wuce shiga gidajen kulle in ɗauko maganar mata ba, shi ya sa na yi ƙarfin hali. Ka daure ka karanta har ƙarshe. Ni ce Kulu.

Litinin, 3 ga Oktoba 1988, bayan La'asar

Alhamdu lillahi, yau na gama buga kaburburan tsohon garinmu. Sun haura saba'in. Yatsuna sun yi tsami.

Magudanar ruwan da za a haƙa daga madatsar ruwa ta Zobe zuwa gonakin rani dole ta ratsa ƙasar Kutawa, daidai inda muke zaune kafin gari ya tashi. Wurin matsattse ne. Gabas makabarta, yamma kufai, bayan kufan kuma dutse. Injiniyoyin Katsina sun yi alkawari ba za su tona kabari ba. In gabas da kabari su bi yamma, in yamma da kabari su bi gabas, in duka biyun ne su zagaya ta bayan dutse ko da aikin zai ja. Amma kabarin da suka sani shi ne wanda ke cikin faifan kwamfutar da za mu aika musu. Na'urarsu ke jan layi, su kuma su bi. Shi ya sa Oga Abraham, shugaban ofishinmu, ya tura ni na bi tsofaffi gida gida ina tambayar wa ke kwance a ina, tun da ni 'yar can ce.

Ban san me ya sa nake son rubuta yadda aikin yake ba, amma bari in rubuta. A cikin kwamfutar akwai abin da maza ke kira laburare, ni kuwa rumbun Malam Simeon nake ce masa, don shi ya gina shi kafin ya tafi. Kowane irin abu da nasa mai naɗi a ciki: na gona daban, na rijiya daban, na shanu, na kabari. In na buga bayani, mai naɗin ya ƙudundune shi ya ajiye a faifai. In aka zo nema, ɗan'uwansa ya warware. Duk mai sabon aiki a ofishin nan ba ya wahalar ƙirƙira, daga rumbun yake ɗiba. Katsina ma irinsa gare su.

Na makabarta kowa da sunansa. Na cikin kufai su tara ne, jarirai, an binne su bayan ɗakunan uwayensu kamar yadda ake yi a da. Ba su kai ranar suna ba. Wurin sunan na bar shi fili. To me zan rubuta?

Talata, 4 ga Oktoba, da hantsi

Malam Gidiyon, wanda ya gaji kujerar Malam Simeon, ya ce bari ya warware faifan ya duba kafin a rufe.

Ya ce, "Mama Kulu, nawa kika ce kin buga?"

Na ce sun haura saba'in.

"To ni uku nake gani. Ko sauran sun tashi ne tun ba a busa ƙaho ba?"

Na ce, "Malam Gidiyon, ba a wasa da na kwance."

Ya cire tabarau ya ce in yafe masa, bakinsa ne ke riga shi fita. Mutumin kirki ne, surutu ne kawai. Ya ce zafi ne ya ɓata faifan, ko kuma janareta ta yi tari ina cikin bugawa. Ya ɗauko sabo daga gwangwanin da yake ajiyewa gindin randa don sanyi, ya hura shi kamar shayi, ya ba ni.

Laraba, 5 ga Oktoba, bayan Azahar

Na sake bugawa tun daga farko, da bisimilla a kan kowane suna. Uku.

Juma'a, 7 ga Oktoba, kafin a tafi masallaci

Tun jiya ya baje takardun Malam Simeon a kan tebur yana bi da biro. Yau ya kira ni.

"Mama Kulu, wa ke na huɗu a jerinki?"

"Jaririn Inna Hawwa'u. Da gidansu na fara, ita ce babba."

"Sunansa?"

"Ba shi da shi."

Ya riƙe kai da hannu biyu. Ya ce faifai ba shi da fili da yawa, sai Malam Simeon ya yi dabara: maimakon ya rubuta a sama cewa mutum kaza ne a ciki, sai ya jera su kawai, a ƙarshe ya sa suna wanda ba komai a cikinsa. Mai warwarewa in ya iso sunan da ba komai, a wurinsa an gama ke nan.

"Kamar limaminku ya yi sallama," in ji shi. "Kowa ya kaɗe riga ya tashi. Duk wanda ke bayan jaririn nan, ba a ma san yana nan ba."

Na ce ai shekara biyu ana aiki da rumbun ba a taɓa ganin haka ba.

"Gona da mai ita. Saniya da mai ita. Ba a taɓa kawo masa wanda ba shi da suna ba sai yau."

Ya gwada ɗigo, ya gwada lamba. Mai naɗin suna haruffa kaɗai yake karɓa, saura ya zubar, wuri ya koma fili. Sai ya buga Jariri a wuraren nan tara. Duka suka fito, allon ya cika har ƙasa. Ya tafa hannu ya ce in sayo masa tsire. Na yi dariya. Na daɗe ban yi dariya a ofis ba.

Litinin, 10 ga Oktoba, bayan Azahar

Oga Abraham ya ga takardar da Jariri a jiki, ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

Ya ce a wata gunduma an cika faifai da kaburburan ƙarya don a kauda ruwa daga gonakin wasu manya. Da irin wannan aka yi: jariri, ɗan wane, jikan wance. Tun daga nan aka yi doka. Kowane suna sai limamin gari ya sa hannu cewa sunan mamacin ne na gaskiya. Wanda ba shi da suna a bar wurinsa fili, kada a cike da komai. In aka sami suna ɗaya da ba a shaida ba, faifan duka za a jefar, a bi layin safiyo na farko. Layin farko ta tsakiyar makabarta yake.

Malam Gidiyon ya ce, "Oga, doka ta ce a bar fili, na'ura ta ce fili shi ne ƙarshe. Wa za mu bi?"

"Duka biyun," in ji Oga. Ya ce zai rubuta wa Katsina. Faifan kuma dole ya tafi bayan hutun Maulidi.

Malam Gidiyon ya fara cewa da Simeon yana nan, Oga ya dube shi, ya haɗiye sauran.

Iyayena duka biyu suna makabartar nan. Malam, maigidana, ma.

Talata, 11 ga Oktoba, da asuba

Na yi salla. Na karanta abin da ya sawwaƙa. Ban iya karyawa ba.

Alhamis, 13 ga Oktoba, da yamma

Malam Gidiyon ya buɗe rumbun da kansa ya gyara mai naɗin suna, ya sa a riƙa rubuta adadi a sama. Kaburbura suka fito cif, da masu suna da marasa suna. Bai ce in sayo tsire ba wannan karon, murmushi kawai ya yi.

Kafin La'asar Malam Manu na sashen dabbobi ya shigo da faifansa na allurar shanu, yana huci.

"Wa ya taɓa mini shanu? Garken Ardo guda ya koma harafi uku da alamar tambaya! Gobe zan fita allura, wa zan yi wa, alamar tambayar?"

Ashe mai naɗin suna guda ɗaya ne, kowa da shi yake aiki, da na shanu da na taki da na rijiyoyi. Duk abin da aka naɗe da tsohon, sabon ba ya iya warware shi. Oga ya ce a mayar da komai yadda yake kafin a tashi. Ya kuma ce ko da mun gyara namu, na Katsina tsohon ne, kuma shi zai karanta faifanmu. Asalin rubutun nasu ba ya hannun kowa sai wanda ya yi shi.

Ba wanda ya ambaci sunan wanda ya yi shi.

Muna fita Malam Gidiyon ya tsaya gindin darbejiya ya ce mini, "Mama Kulu, ba tara muke nema ba. Ɗaya. In ɗaya daga cikin jariran nan yana da suna na gaskiya, kufai ya zama wurin kabari a idon na'ura, ruwa ya zagaya dutse, sauran takwas su sha inuwarsa."

Na ce na ji.

Asabar, 15 ga Oktoba, bayan Magariba

Na je Kutawa. Na sami Inna Hawwa'u tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

"Lale da 'yar gwamnati. Mi kuma aka manta ba a rubuta ba? Haƙorana huɗu, ki ƙara."

Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata yadda ake ciki. Ta daina ɓara. Ta ce nata uku ba wanda aka yi wa huɗuba, ubansu yana fatauci Maraɗi duk lokacin. Muka bi sauran ɗaya ɗaya. Wannan bai ko yi kuka ba. Waccan uwarta ta bi ta kafin arba'in. Biyu na gidan Sarkin Noma, ba wanda ya rage da zai tuna. Na ƙirga takwas na tsaya.

Ta ce, "Saura ɗaya."

Na ce rana ta yi, zan nemi mota.

"Zauna, Kulu. Naki ai Malam ya yi mishi. Ina tsaye bakin ƙofa da ƙwaryar ruwan zafi, ya ɗauke shi ya raɗa mishi a kunne. Yaron nan da sunanshi ya tafi. Ba ki taɓa tambaya ba?"

Na ce, "Inna, ɗan fari ne."

"Shekara ashirin kuna ɗaki ɗaya bayan nan!"

"Shi ma bai taɓa tayar da maganar ba."

Ta watsa ɓawon gyaɗa ga kaji. Ta ce, "Kunya. Ta cinye mu ta bar ƙashi." Ta ce in zo mu leƙa kufan, aduwar bayan ɗakina tana nan ta yi girma. Na ce wata rana.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da rana

Na wanke kayan da na wanke jiya.

Talata, 18 ga Oktoba, bayan Azahar

Katsina ba amsa.

Malam Gidiyon ya jawo kujera kusa da tawa, ya rage murya. Ya ce, "Ki ba ni suna ɗaya. Kowanne. Musa, Isa, duk namu ne da ku. Ni zan buga, ba ke ba. In zunubi ne a rubuta mini, ina da wurin ajiya."

Na ce liman zai karanta kafin ya sa hannu, kuma limamin namu, Malam Ya'u, ya san kowane gida.

"To ki ce masa kin tuna."

Na ce ba zan ɗora wa mutum sunan da ba nasa ba alhali yana da nasa. Ranar da za a kira kowa, da nasa za a kira shi.

"Allah ai ya san nasa, Mama. Na'ura muke ruɗa, ba Allah ba."

Na ce ba na'ura za ta sa hannu ba, Malam Ya'u ne, kuma a kan maganata zai sa.

Ya tashi ya je ya tsaya bakin taga. Can ya ce su ma sun binne ɗaya a garinsu kafin a kai shi coci.

Alhamis, 20 ga Oktoba, da safe

Alu direba ya ce an sauke katafila biyu a Zobe.

Asabar, 22 ga Oktoba, Kurfi, bayan La'asar

Na zo wurin Ummaru, ƙanen Malam. Yana gyaran babur a ƙofar gida, hannu duk baƙin mai.

"Yau gwamnati da kanta a gidana? Rekiya! Ɓoye akuyar nan kada matar Yaya ta saka ta cikin na'ura!"

Na ce akuyarsa ba ta kai a ɓata mata faifai ba. Ya ce ashe har yanzu bakin yana nan. Rekiya matarsa ta kawo fura, muka taɓa hira, ina ta kewaye. Sai da ya wanke hannu ya zauna na tambaye shi.

Wasan ya bar fuskarsa. Ya ce lokacin yana yaro, abin da ya tuna kawai an sayi rago an ɗaure, daga baya aka mayar kasuwa. Yaya bai taɓa faɗa masa ba.

"Ke da kike matarshi ba ki sani ba, ni da nake cin duka a hannunshi zan sani?"

Ya ce amma akwai Malam Rabe na Rawayau, tare suka yi karatu, ba abin da Yaya ke yankewa bai gaya masa ba. Yana da rai, ido ne ya tafi. Gobe zai kai ni a babur.

Rekiya ta raka ni ɗaki ta ce, "Yaya, ni ban ma san kin taɓa haihuwa ba." Na ce furarta ta yi daɗi.

Lahadi, 23 ga Oktoba, ranar Maulidi, da yamma

Rawayau ta cika da yabon Manzo, ko'ina tuwo. Malam Rabe yana zaune a zaure kan buzu. Da na yi sallama ya gane muryata, ya ambaci sunan Malam, ya yi masa addu'a mai tsawo.

Na tambaye shi. Ban san yadda maganar ta fita ba, amma ta fita.

Ya ce, "Na tuna. Da sassafe ya zo mini, ko hula babu. Ya ce sunaye biyu ke mishi yawo a kai, na mahaifinshi da na malaminmu. Na ce uba ya fi. Ya ce malami ma uba ne. Na ce to ka haifi biyu mana. Muka rabu yana dariya."

"Wanne ya zaɓa, Malam?"

"Da na koma in ji, an riga an yi abin da aka yi. Wa zai tambayi mutum a ranar?"

Na ce a ganinsa fa.

"A ganina na mahaifinshi. Amma mijinki in ka ce gabas, sai ya duba yamma tukuna."

Ummaru ya dawo da ni Kurfi. Babur ɗin ma sau biyu yana mutuwa.

Sunaye biyu. Na juya su a baki ba tare da na furta ba, ɗaya na surukina ne, ban taɓa kiransa ba. Ina jira in ji wanne zai zauna. Duka biyun sun zauna.

Talata, 25 ga Oktoba, bayan La'asar

Na kai wa Malam Ya'u limamin Kutawa jerin. Ya sa aka karanta masa, yana cewa Allah ya jiƙan wane, Allah ya jiƙan wance, ya sa hannu a kan na makabarta duka. Da aka zo kan tara ɗin na miƙa masa 'yar takarda. Na rubuta sunan surukina da ajami tun a gida. Na ce na ƙarshen ne.

Ya kai ta kusa da ido ya daɗe.

"Da kunnenki kika ji?"

"A'a, Malam."

"Marigayi ya faɗa miki?"

"A'a."

"Wani ya ji daga bakinshi?"

Na faɗa masa abin da Malam Rabe ya ce, ban rage ba, har da maganar gabas da yamma. Da na bar wannan. Ban bari ba.

Ya ajiye takardar a kan gwiwa. Ya ce, "Kulu, ke ma kin yi karatu, ba sai na ja miki aya ba. Na san abin da ke bayan takardar ga. Jikokin ƙanwata biyu na cikin kufan. Ke ce uwa. In kin ce mini kin sani, yanzu zan sa hannu, ba zan ƙara tambaya ba har in mutu. Kin sani?"

Akwai wata tunkiya a waje tana ta kuka. Na ji ana daka a maƙwabta. Na buɗe baki da niyyar abu ɗaya.

Na ce, "Ban sani ba."

Ya miƙo mini takardar da hannu biyu. Ya ce Allah ya ba mu mafita. Na ce amin.

Laraba, 26 ga Oktoba, da hantsi

Katsina ba amsa. Alu zai tafi da faifan bayan Azahar.

Malam Gidiyon bai tambaye ni ba, fuskata ya duba. Ya ce abu ɗaya ya rage. A kwashe tara ɗin daga tsakiya a mayar da su can ƙarshen jeri. Na'urar Katsina za ta karanta na makabarta duka, ta iso fili na farko, ta rufe. Makabarta ta tsira.

Na ce kufan fa.

"A idonta ba kowa a kufan."

In an bar jerin yadda yake, uku za ta gani, ta kauce musu kawai, ta bi ta kan saba'in. In an gyara, ta bi ta kan tara. Ya ce in je in sha iska, shi zai yi.

Na ce ni na shigar da su, ni zan matsar da su.

Na ɗauke na Inna Hawwa'u uku. Na ɗauke na gidan Sarkin Noma. Ɗaya ɗaya, da bisimilla, kamar yadda na yi da farko. Sai na tambaye shi, shi filin farkon, na'urar tana karanta shi kafin ta rufe? Ya ce e, dole ta taɓa shi, da shi take gane an gama. Sauran takwas ko kallonsu ba za ta yi ba.

Na taran, nawa, shi na sa a farkonsu.

Ya warware don gwaji. Masu suna duka suka fito, har iyayena, har Malam. A ƙasa ba komai, sai ɗan hasken nan da ke ƙiftawa.

Alhamis, 27 ga Oktoba, da asuba

Na yi salla.

Litinin, 31 ga Oktoba, bayan Azahar

Malam Manu ya kawo sababbin shanu a buga. Kowace da mai ita. Na buga.

Oga ya tsaya a bayana ya ce na yi aiki mai kyau, mutanen Kutawa za su gode mini. Na ce Allah ya sa.

Alhamis, 3 ga Nuwamba, bayan Magariba

Saƙo ya zo daga Inna Hawwa'u cewa in zo in ga aikin hannuna. Ba da faɗa ta aiko ba, haka take magana.

Na je. Wannan karon na shiga kufan.

Safiyo sun zo shekaranjiya. Turaku masu jan fenti a kai, a jere, sun taso daga wajen rafi sun bar makabarta can gabas ba su taɓa ta ba. Sun shiga ta inda zauren Sarkin Noma yake, sun bi ta tsakar gidan Inna, sun fita ta gindin dutse. Aduwar ta yi girma da gaske. Ɗaya turken yana gabanta, ɗaya yana bayanta.

Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakanin turakun, ta kawo gyaɗarta can. Ta ce ta gaya wa masu safiyon akwai yara a nan, babbansu ya buɗe takarda ya nuna mata, ya ce Baba duba, babu. Ta ce masa ita ba ta karatu, amma ita ta haƙa ɗaya da hannunta. Ya ba ta haƙuri da ladabi. Ya ce shi layi aka ba shi.

Ta ce, "Ki tuge shi mana. Ga shi nan gabanki."

Na kama turken. Fentin bai gama bushewa ba. Na sake shi. In na tuge, gobe za su dasa wani, layin yana Katsina.

Na zauna kusa da ita na taya ta ɓara har rana ta yi ja. Har yanzu jan yana tafin hannuna, na wanke da toka bai fita ba.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Malam Simeon, nan kuma da kai nake.

Alu ya ce ɗaya katafilar ta lalace, ana jiran wani ƙarfe daga Kaduna, in ya iso za su fara daga wajen rafi. Ba wanda ya san ranar. Malam Gidiyon ya ce asalin rubutun rumbun Katsina yana wurinka, kuma in gyara ya fito daga hannunka za su karɓa su sake karanta faifan, don tara ɗin suna ciki, ba a goge su ba, wuce su kawai ake yi. Shi ba zai iya rubuto maka ba, ka san dalili, ni ban sani ba. Bai san na rubuto ba. Oga ma bai sani ba.

Ba laifinka nake gani ba. Ba ka san za a kawo maka irinsu ba. Tambayata ɗaya ce: a cikin rumbun nan naka, akwai yadda za a naɗe mutum a nuna yana nan, amma ba a san sunansa ba, kuma ba shi ne ƙarshe ba? In akwai, ka rubuto yadda ake yi. In babu, ka faɗa mini babu, in san abin da zan gaya wa Inna Hawwa'u.

Alu zai kwana Zariya ya juyo. Don Allah ka ba shi amsa ya taho da ita, kada ka jira gidan waya.